Tambarin Fafaroma, Dokar Manoma: Tarihin Châteauneuf-du-Pape

A kafaɗar kwalbar jar giyar inabi da ake kira Châteauneuf-du-Pape akwai wani tambari da aka zuba tare da gilashin tun a masana'anta: hular sarautar Fafaroma mai hawa uku, a ƙarƙashinta kuma makullai biyu a gicciye. Wanda ya gan shi zai ɗauka abin gado ne tun ƙarni na 14, zamanin da Fafaroma ya bar birnin Rum ya tare a kudancin Faransa. Alhali a 1937 aka ƙirƙiro wannan kwalba, shekara ɗaya bayan gwamnatin Faransa ta sa hannu a dokar da ta kare sunan. Shi kansa garin bai fara amsa sunan a takardun hukuma ba sai a 1893. Tazarar da ke tsakanin abin da tambarin ke nunawa da ranar da aka yi shi ita ce ƙashin bayan wannan labari, kuma ko wanda bai taɓa kusantar giya ba yana da abin dubawa a ciki, domin daga wannan ƙauye aka ɗauki tsarin da a yau ake kare sunayen kayan gona da shi a ƙasashe da dama.

Garin yana gaɓar gabas ta kogin Rhône, tsakanin biranen Orange da Avignon, a lardin Vaucluse. Gonakin da ke da izinin amfani da sunan sun kai kimanin hekta 3,200, a warwatse cikin ƙananan hukumomi biyar: Châteauneuf-du-Pape ɗin kanta, da Bédarrides, Courthézon, Orange da Sorgues. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa jar giya ce, ragowar kuma fara.

Ma'anar sunan a Faransanci ita ce "sabuwar fadar Fafaroma", sai dai rabinsa na farko ya girmi zuwan Fafaroman. Tun a 1094 akwai takarda da ta ambaci ƙauyen da sunan Latin Castro Novo, wato sabuwar ganuwa, kuma an daɗe ana kiran sa Châteauneuf-Calcernier saboda farar ƙasar da ake haƙa ana ƙonawa a wurin. A 1309 Fafaroma Clement na Biyar, Bafaranshe wanda a da shi ne babban limamin cocin Bordeaux, ya sauka a Avignon don kauce wa rigingimun Italiya. Magajinsa, John na 22, ya taɓa riƙe limancin Avignon, don haka ya san ƙauyen sarai. A 1317 ya sa aka fara gina masa gidan hutu mai ganuwa a kan tudun da ke saman garin. An gama ginin a 1333, shi kuwa ya rasu a 1334. Fafaroma bakwai ne suka yi mulki daga Avignon kafin fadar ta koma Rum a 1377.

Gaskiya ne fadar ta sha giyar ƙauyen, kuma zamanta a kusa ya faɗaɗa noman inabi a yankin. Amma manyan fadawa sun fi ɗokin wadda ake kawowa daga Beaune a yankin Burgundy, har marubucin nan Petrarch ya yi musu shaguɓe cewa rashin giyar Beaune a Italiya ne ya sa suke jan ƙafa wajen komawa Rum. Gidan hutun kuwa bai yi sa'a ba. Yaƙe-yaƙen addini na ƙarni na 16 sun taɓa shi, mutanen gari sun riƙa kwashe duwatsunsa suna gini, sannan a watan Agusta na 1944 sojojin Jamus da ke janyewa suka tarwatsa rabin hasumiyar da nakiya. Bangon da ya tsira shi ne ake hangowa daga nesa a yau.

Abin da ya haifi giyar da aka sani yanzu annoba ce. A farkon shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai a jikin dashen inabi da aka ɗauko daga Amurka. Yana tsotsar saiwa a ƙarƙashin ƙasa, manomi bai ankara ba sai ya ga ganye ya yi rawaya kurangar ta bushe. A tsallaken Rhône, nan kusa da Châteauneuf, aka fara ganin ɓarnarsa a Faransa, kuma zuwa 1866 ya shiga gonakin garin. Masanin tsirrai Jules-Émile Planchon na Montpellier ya gano ƙwaron a 1868, amma an kwashe shekaru ana gwajin magunguna kafin a yarda da mafita guda: a yi wa inabin Turai aure da gindin inabin Amurka, wanda ya saba da ƙwaron, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro aure. Kusan kowace kurangar da ke tsaye a Châteauneuf a yau ƙafarta Ba'amurkiya ce.

Sake dashe ya ba manoma damar sake zaɓen iri. Joseph Ducos, tsohon hafsan soja da ya mallaki gonar La Nerthe, yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin, kuma a zamanin da yake magajin gari ne aka maye gurbin Calcernier da du-Pape. Mutumin ya san kasuwa: babu wanda zai biya kuɗi mai tsoka don sunan ramin farar ƙasa. A wannan zagaye na dashe ne kuma irin da ake kira Grenache, ɗan asalin Sifaniya mai jure fari da zafi, ya mamaye gonakin. Saboda haka duk abin da John na 22 ya kurɓa, ba shi ne ke cikin kwalbar yau ba.

Ƙarancin da annobar ta jawo ya buɗe ƙofar algus. 'Yan kasuwa suka koyi haɗa giya da busasshen inabi da sukari da ruwa da launi. Turawan da suka mamaye Aljeriya suka dasa gonaki masu faɗi, har ƙasar da mafi yawan mutanenta ba sa shan giya ta wayi gari a tsakiyar ƙarni na 20 ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da ita, kusan duka zuwa Faransa. Da gonakin Faransa suka farfaɗo sai kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman Languedoc suka fito zanga-zanga, dubban ɗaruruwa suka cika Montpellier, sojoji suka harbe mutane a Narbonne. A 1911 manoman Champagne suka ƙona rumbunan dillalan da suke zargi da shigo da inabin waje suna lika masa sunan yankinsu.

Ciwon Châteauneuf iri biyu ne. Na farko, dillalan Burgundy suna sayen giyarta mai ƙarfi a ganguna su zuba cikin tasu don ta yi jiki a shekarar da rana ta yi ƙaranci, har ana yi mata laƙabi da giyar magani, wato tana gyara sunan wasu ita kuma nata ya ɓace. Na biyu, ana shigo da inabi daga kwarin da ba shi da daraja, a matse shi a cikin gari, a sayar da sunan garin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: cikin masu wannan aiki akwai 'yan garin kansu, kuma wannan ne ya sa maganin ya yi ɗaci.

Wanda manoman suka nufa da kukansu baƙo ne. Baron Pierre Le Roy de Boiseaumarié, haifaffen 1890, lauya ne kuma matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aure ne ya kawo shi gidan gonar Château Fortia a 1919. A wannan shekarar majalisar Faransa ta yi dokar da ta bai wa kotuna ikon yanke hukunci kan wanda ya cancanci amfani da sunan wuri. Ana ruwaito cewa Le Roy ya amsa kiran bisa sharaɗi ɗaya, cewa su manoman ne za su fara ɗaure kansu da gaskiya da ƙa'ida kafin su nuna wa wani yatsa. A 1923 suka kafa ƙungiyar masu gonakin inabi ta garin, shi ne shugaba.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin abin da suka rubuta sabon abu ne. Kafin su, gardamar suna gardamar iyaka ce kawai: daga ina zuwa ina. Le Roy ya ga cewa shata iyaka kaɗai ba ta hana mutumin da ke cikin iyakar ya dasa iri mai yawan 'ya'ya marar daɗi, ya shayar da shi ruwa har ya kumbura, ya sayar da babban suna. Don haka suka haɗa wuri da hanyar aiki. Suka ware ƙasar da ta cancanta, kuma ma'aunin da aka fi tunawa da shi shi ne busasshiyar ƙasa marar ƙarfi irin wadda ciyayin daji masu ƙamshi, tayim da labanda, ke fitowa da kansu. Suka ƙayyade irin inabin da za a dasa. Suka ce ƙarfin barasa kada ya gaza kashi 12.5 cikin ɗari, kuma daga zaƙin inabin kansa zai fito, ba a yarda a ƙara sukari ba. Suka wajabta tsince amfanin gona a ware ruɓaɓɓe da ɗanye, a zubar da wani kaso ko a yi giyar gida da shi. Suka hana yin giya mai ruwan hoda da sunan garin. Daga baya aka tsayar da iyakar amfanin gona a lita 3,500 a kowace hekta, adadi mai ƙanƙanta idan aka gwada da sauran yankuna, kuma har yau da hannu ake girbi, ba a yarda da inji ba.

Kowane sharaɗi a nan asara ce ga wani. Wanda gonarsa ta faɗa wajen layi ya rasa sunan, wanda ke ciki kuma an rage masa abin da zai sayar. Shi ya sa aka kwashe shekara goma ana shari'a, sai a 1933 kotun ƙolin ɗaukaka ƙara ta Faransa ta tabbatar da iyakokin da ƙa'idojin. Le Roy bai tsaya nan ba. Ya haɗa kai da Joseph Capus, sanata daga yankin Bordeaux kuma tsohon ministan noma, suka tura dokar 30 ga Yuli 1935 wadda ta kafa kwamitin ƙasa na sunayen asali. Ranar 15 ga Mayu 1936 aka fitar da rukunin farko na abin da ake taƙaitawa da haruffan AOC, wato sunan asali da hukuma ke sa wa ido: Châteauneuf-du-Pape, Tavel, Cassis, Arbois, Monbazillac da Cognac. Kwamitin ya zama hukumar INAO a 1947, Le Roy ya shugabance ta har rasuwarsa a 1967.

Hujjar da duk wannan gini ya tsaya a kai ita ce kalmar da Faransawa ke ji da ita, terroir, wadda suke furtawa kamar "teruwar". Tana nufin haɗuwar ƙasa da yanayi da iri da hannun mutanen wuri, abin da ke sa amfanin gonar wani wuri ya ɗanɗana daban da na maƙwabcinsa. Manomin da ya san bambancin albasar fadama da ta tudu ba ya buƙatar dogon bayani.

Hoton da aka fi sani na Châteauneuf shi ne gona shimfiɗe da mulmulallun duwatsu masu sulɓi, wasu kamar dunƙulen hannu wasu kamar kan jariri, ba a ko ganin ƙasa, kurangar tana fitowa daga tsakaninsu. Tsohon kogin Rhône ne ya gangaro da su daga tsaunukan Alps tun kafin tarihi, ya goge su ya jibge a kan tuddai irin na La Crau, inda gonar Vieux Télégraphe take. Bayanin da ake yi wa baƙi shi ne duwatsun suna shan zafin rana su amayar da shi da dare, inabi ya nuna da sauri. Haka ne, amma a wurin da rana ke haskawa kusan awa 2,800 a shekara, zafi ba shi ne abin da ake nema ba. Aikin duwatsun da ya fi muhimmanci shi ne rufe jan yumɓun da ke ƙarƙashinsu don kada danshin damina ya tsere, saiwa ta nutsa ta same shi a tsakiyar bazara. Sannan duwatsun ba su rufe yankin duka ba. A yamma akwai farin dutse, a wasu sassan kuma rairayi ne zalla. Château Rayas, wadda masana da yawa ke sa wa a sahun gaba, tana kan rairayi, a tsakiyar kurmin itatuwa, wasu filayenta suna fuskantar arewa, kuma da wuya ka tsinci dutsen kirki a cikinta. Wato suna ɗaya ya lulluɓe ƙasa iri-iri, kuma layin da aka ja a taswira hukuncin mutane ne gwargwadon yadda yake hukuncin ƙasa.

Abin da ya haɗa su duka shi ne iska. Mistral tana bugowa daga arewa ta bi kwarin Rhône, busasshiya mai sanyi kamar ta tsakiyar hunturu amma babu ƙura, fiye da kwana 100 a shekara. Tana busar da ganye bayan ruwan sama, don haka cututtukan danshi ba sa samun wurin zama. Tana kuma karya reshe, shi ya sa ake datse Grenache ya zauna gajere kamar ƙaramin kwando a ƙasa, ba a ɗaga shi kan waya ba.

A kan iri, al'ada ta ce 13 ne, ko da yake tun 2009 takardar doka tana lissafa 18 saboda an ƙirga launukan wasu daban-daban. Ba a tilasta wa kowa gwargwadon haɗi ba, wannan kuwa sassauci ne da ba kasafai ake samu a dokokin giyar Faransa ba. Grenache ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na gonakin, shi ke kawo zaƙi da ɗumi da taushi. Syrah na ƙara duhun launi, Mourvèdre na ƙara bauri da juriyar ajiya. Sauran, irin su Counoise da Vaccarèse da Muscardin, kamar kayan yaji suke, ana barbaɗawa kaɗan. Rayas tana yin babbar giyarta da Grenache tsantsa, gidan Beaucastel na iyalin Perrin kuwa yana noma duka 13 kuma yana jingina sosai ga Mourvèdre. Masu ɗanɗano suna siffanta jar Châteauneuf da cika baki, ƙamshin nunannun 'ya'yan itace da masoro da ciyayin dajin nan da Le Roy ya yi ma'auni da su.

Garin ya iya talla, wannan ba a musu. A watan Oktoba na 1954, lokacin da jaridun Faransa suka cika da labarin ganin jiragen halittun sama, magajin gari Lucien Jeune ya fitar da doka mai hana "faifai mai tashi" ratsa sararin garin ko sauka a gonakinsa, wanda ya sauka kuma za a kama shi. Jaridun duniya suka ɗauka, garin ya sami talla kyauta, har wani mai gona a Kalifoniya ya sa wa giyarsa suna Le Cigare Volant don tunawa da abin.

Tsarin da aka gwada a Châteauneuf ya bar giya ya shiga sauran abinci. Cukun Roquefort ya riga ya sami dokarsa tun 1925, amma samfurin 1935 ne, mai haɗa wuri da rubutacciyar hanyar aiki da hukumar bincike, ya zama abin koyi. Tarayyar Turai ta ɗauke shi a 1992 ta shimfiɗa wa duk ƙasashenta. A Afirka, ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta yi wa barkonon Penja na Kamaru rajista a 2013, daga baya kuma kilishin Nijar da albasar Galmi suka sami irin wannan kariya. Takardar da ke fayyace yankin da za a noma albasar da yadda za a sarrafa ta jikanyar takardar 1923 ce.

Sai dai duk wanda ya yabi tsarin ya kamata ya faɗi farashinsa. Doka mai kare inganci ita ce kuma doka mai rage kaya a kasuwa don farashi ya hau, kuma ribar tana komawa ga wanda ya riga ya mallaki ƙasa a cikin layi. Gidan Beaucastel yana da gonaki a tsallaken babbar hanyar A7, ƙasarsu kusan iri ɗaya da ta wannan gefen, amma saboda suna wajen iyaka ana sayar da giyarsu da sunan Côtes du Rhône kawai, a kan kuɗi kaɗan. Hekta ɗaya a cikin iyakar Châteauneuf tana ninka ta Côtes du Rhône fiye da sau goma a farashi. Matashin da ba shi da gado ba zai iya shiga ba, magada kuma sukan sayar don biyan harajin gado, manyan kamfanoni su saye. A ganina wannan bai rushe hujjar Le Roy ba, domin ba don dokar ba da sunan ya daɗe da narkewa cikin gangunan dillalai, amma ya nuna cewa manoman da aka kare a 1936 ba lallai su ne masu cin moriyar a yau ba.

Barazanar da ta fi girma yanzu ba daga dillalai take ba. Daga shekarun 1980 mai sharhin giya Ba'amurke Robert Parker ya ɗaga sunan Châteauneuf a kasuwar Amurka, kuma son da yake yi wa giya mai kauri da ƙarfi ya sa gidaje da yawa suka riƙa jinkirta girbi don inabi ya nuna tuɓus. A daidai wannan lokaci yanayin kansa yana ƙara zafi. Bayanan ranakun girbi na garin, waɗanda ake ajiye su tun 1945, sun nuna an matso da girbin gaba da makonni biyu zuwa uku. Kashi 12.5 da Le Roy ya kafa a matsayin katangar da rago ba zai iya tsallakewa ba ya zama abin da ba wanda ke tunawa da shi, tunda kwalabe da yawa yanzu suna kai wa 15, wasu ma sun wuce. Grenache yana tara sukari kafin fatarsa da ƙwayarsa su gama nuna, don haka manomi yana tsakanin tsinkar ɗanye da tsinkar abin da zai yi ƙarfi fiye da kima.

Duwatsun da aka yi shekaru ana alfahari da su sun fara zama nauyi a shekarar fari, filayen rairayi da masu fuskantar arewa, waɗanda a da ake ganin ba su kai ba, su ne ake rububi. Ban ruwa, wanda dokar ta taƙaita sai da izini na musamman, ya zama abin muhawara a tsakanin manoma. Ƙananan ire-iren nan da suka kusa zama ado a jerin 13, musamman Counoise da Vaccarèse masu jinkirin nuna da ƙarancin sukari, gidaje sun koma suna dasa su da gaske, wasu kuma suna zuba farin inabi irin Clairette cikin jar giyar don ta sassauta, abin da dokar ta riga ta halatta tun farko.